Burauza Mai Mantuwa

Ku matso kusa, ke Falmata da abokan aikinki, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. Ku kife wayoyinku a kan cinya na ɗan lokaci, akwai abin da nake so ku ji.

Falmata 'yar ƙanwata ce. Ta yi karatun kwamfuta, ita da abokanta uku suka haɗa wata 'yar burauza, wato abin nan da ake buɗewa a shiga intanet. Ranar Juma'a ta zo gaishe ni tana ta ƙorafi. Wai tasu ta fi sauri, ba ta cin data, ba ta cika waya, amma mutane sun ƙi barin manyan da suka saba da su. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta ce, "Kawu, ba za ka gane ba. Ku zamaninku ai buga takarda kawai kuke yi." Na yi dariya na ƙyale ta, don Juma'a ce kuma abinci yana hucewa. To ga amsarki a rubuce.

Firamare kaɗai na yi, ita ma da ƙyar na kai ƙarshenta. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Disa, mai buga wa mutane takardu a gindin wata darbejiya kusa da gidan waya. Kayan aikinsa ba su da yawa: tafireta baƙa mai nauyin ɗan maraƙi, ribin, takardun kabon, reza ta kankare kuskure, sai tsohon buroshin haƙori da kwalbar kananzir na wanke haruffa. Shekarata ta farko ban taɓa tafiretar ba sai da tsumma. Aikina in ɗauko tebur, in share wuri, in zauna in saurara.

Wata tsohuwa ta taɓa zuwa daga wani ƙauye ta hanyar Fika, ta ce a rubuta wa ɗanta soja gaisuwa. Ta lissafo gaisuwar kowa, har ta awaki. Malam Disa bai sa takarda ba. Ya ci gaba da ce mata, "Sai kuma me, Iya?" Sai a karo na huɗu ta ce rufin ɗakinta ya fara yoyo. Nan ya zura takarda. Da ta tafi ya ce da ni, "Idi, wanda ya zauna a bencin nan ba ya fara faɗin abin da ya kawo shi. Kai za ka jira shi."

Abu na biyu da ya koya mini shi ne kabon. Kun san kabon? Baƙar takarda ce siririya da ake sawa tsakanin farare biyu don a sami kwafi. In ka ɗaga ta a rana bayan an yi bugu, za ka karanta duk abin da aka rubuta. Tana da tsada, ana iya amfani da guda sau goma. Amma in wasiƙa ta sirri ce, ta gado ko ta aure ko ta shari'a, Malam Disa a gaban mai ita yake zare kabon ɗin ya yayyaga shi ƙanana. Na ce masa asara ce, mu bari mu ƙone su da yamma gaba ɗaya. Ya ce, "Da yamma yana nan? Shi yanzu yake so ya gani." Na ji, na ajiye, daga baya kuma na manta, kamar yadda za ku ji.

Shekara goma sha ɗaya na yi a gindin darbejiyar nan. Sannan Hajiya Yagana, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta buɗe bizines santa a unguwar Hausari ta ɗauke ni. Daga ƙofar gidana zuwa shagon, in na fito da kofin shayi, ban gama shanyewa ba na isa. Ni mutum ne da ba ya son nisa. Kano ma sau biyu na je a rayuwata, duka biyun na dawo da ciwon kai. Saboda haka kujerar nan ta shagon Hajiya ta yi mini daidai.

Muna da injin fotokwafi, da tafireta, da tarho a cikin wani ɗan akurkin katako. Tarhon nan shi ne ke kawo fataken dabbobi. Ranar Talata da Alhamis, gaba da bayan kasuwar Laraba, layi ake yi don a kira Legas. Matsalar ita ce layin ba shi da ƙarfi, dole sai ka ɗaga murya. Mutum zai shiga akurki ya ja ƙofa da kyau, sannan ya kwarara ihu, "Nawa ka ce bijimin?" Duk wanda ke kan benci sai ya sunkuyar da kai kamar yana tasbihi, alhali kunnuwa a miƙe. Ni kuwa ko ban ɗaga kai ba na san wa ke ciki, daga yadda Hausarsa ke karkata: wannan Babarbare ne, wancan Bangizime, wancan Bafillatani da ya zauna gari. Na san farashin shanu a Legas fiye da wasu dillalai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Daf da ƙarshen shekarun casa'in Hajiya ta sayo kwamfuta, ta sa aka haɗa ta da layin tarho ta wani ɗan akwati da ake kira modem. Ku da kuke taɓa gilashi abu ya buɗe, ku ji yadda muke yi. Sai ka tayar da janareta in babu wuta. Ka roƙi mai son tarho ya dakata, don layi ɗaya ne. Sannan akwatin ya kira Kano, ya fara kuka. Da farko kamar tsuntsu, sannan kamar ana zuba tsaba a kwano, sannan ya ja wata doguwar shessheƙa. In shessheƙar ta fito sumul, an haɗu. In ta yi ɗan rawa a tsakiya, to ba sai na jira ba, na san zai katse, sai in kashe in sake. Hajiya takan ce kunnena ya fi akwatin sanin aikinsa.

Wanda ya koya mini kwamfutar Malam Yohanna ne, malamin lissafi a wata sakandare, mutumin kirki mai yawan bayani. Burauza biyu ce a kan injin. Akwai babba wadda ta zo tare da shi, mai shuɗin tambari, ita kowa ya sani. Akwai kuma wata ƙarama da Malam Yohanna ya kawo a faifai daga wurin wani abokinsa a Jos. Ya ƙaunaci ƙaramar nan kamar shi ya haife ta. Duk wanda ya shigo sai ya tare shi.

"Wannan ta fi sauri. Ba ta jiran hoto. Ku duba agogo, ku duba."

Mutane su duba. Sai su ga fari fat da ƙananan rubutu, babu hoto babu ado. Wani ɗan makaranta ya ce, "Malam, wannan ai ba a gama ginin ta ba." Wani ya ce a babban shagon bakin tasha, mai kwamfuta uku da fanka a sama, shuɗiyar ake amfani da ita, su kuwa ai sun fi mu sani. Ni ma, gaskiya, shuɗiyar nake buɗewa. Hannuna ya saba.

Aikin da ya fara kawo mana manyan mutane na Alhaji Jauro ne. Bafillatani ne da ya bar daji ya zauna a unguwar Dogo Nini, yana lodin shanu da raguna zuwa kudu. Ɗansa Usmanu yana Legas yana karɓar kaya, shi ne ya buɗe wa uban akwatin imel ya aiko da bayani a takarda. Alhaji ya zo yana shakka. Na buɗe, na matso da kujerata, na karanta masa saƙon a kunne a hankali. Ya juya ya dubi benci. Ba wanda ya ji komai. Ya dubi akurkin tarho, ya dube ni, ya ce, "Ashe akwai waya marar ihu." Daga ranar duk Litinin da hantsi yana nan. Ya jawo wasu fatake huɗu ko biyar.

To ga inda na yi kuskure. Saura mako biyu Babbar Sallah, Alhaji ya zo. Usmanu ya rubuto cewa manyan raguna sun yi ƙaranci a can, masu saye suna ta yawo ba su samu ba, duk abin da uban ya samu a wannan Larabar ya ɗoro, kada kuma ya faɗa wa kowa. Na karanta masa, ya gyaɗa kai, ya miƙe. Na danna na rufe burauzar, Allah shaida na rufe. Sannan na tashi in raka shi.

Ku yaran yanzu kuna sallamar babba daga zaune, kuna ɗaga hannu. Mu ba haka aka koya mana ba. Dattijo kamar Alhaji Jauro ba ka barin sa a bakin ƙofa. Sai ka ɗaukar masa lema, ka bi shi har wurin mota. A wurin mota ya tambaye ni ciwon ƙafar mahaifina. Na ba shi labari. Ya ba ni sunan wani magani. Wani maƙwabci ya zo wucewa aka sake sabuwar gaisuwa. Ni kuma, kun san ni, ba a bar ni da magana in bar ta a rabi ba. Kafin in dawo an yi abin da ya fi rubu'in awa.

Na tarar da Garba a kujerata. Garba akawun Alhaji Maina ne, shi ma babban falke, abokin gogayyar Alhaji Jauro tun suna samari. Ya zo yin fotokwafi ne yana jira a benci. Ya miƙe da sauri ya ce, "Malam Idi, na ga layi a haɗe yana ta tafiya a banza, na ce bari in duba nawa saƙon." Na ce ba komai, har na yi masa godiya. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne shuɗiyar nan ba ta mantuwa. Ka rufe ta, wani ya buɗe, ya nufi gidan imel ɗin nan, sai ta kai shi daidai inda na baya ya tsaya. Garba bai nema ba. Ita ta miƙa masa.

Ranar Talata da la'asar yaran Alhaji Maina suka fita hanyoyin shigowa gari, suka tare masu kawo raguna tun kafin su iso kara, wato kasuwar dabbobi. Duk wani rago mai ƙaho da ƙirji suka saye. Alhaji Jauro ya shiga kasuwa Laraba ya tarar da ƙanana da ramammu.

Ranar Alhamis ya zo shago. Bai zauna ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Idi, mutum uku ne suka san maganar nan. Ni, da Usmanu, da kai." Na rantse masa ban faɗa wa kowa ba. Ya ce, "Na yarda. To gilashin nan naka yana da baki." Ya juya. Na bi shi zan raka shi, ya ɗaga mini hannu ya ce in koma in tsare kayana.

Kafin Laraba ta zagayo maganar ta gama kara. Fataken da ya jawo duk suka janye. Suka koma ihu a akurki, wasu ma suka koma bakin tasha gaba ɗaya.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Damina ta faɗi, ruwa ya shiga ramin wayoyi, layinmu ya mutu mako bakwai. Ya dawo, sai ga wahalar fetur, janareta ya zama abin kallo. Kwamfuta tana lulluɓe da zanen gado, sai in ɗaga in kakkaɓe ƙura in mayar. Da kaka ta yi, Hajiya Yagana ta zo da wani tela, yana auna kusurwar da kwamfutar take da igiyar awo.

Ta ce, "Idi, ba ɓoye-ɓoye. Injin nan ci yake ba ya kawowa. In shekara ta ƙare ban ga mutane a kansa ba, zan sayar, tela ya sa kekunansa. Fotokwafi da tarho jikana zai iya." Ta ce ta yi mini magana da wani ɗan'uwanta mai ɗab'i a Kano, yana neman mai bugu. Ta faɗa da kyakkyawar niyya. Ni dai Kano kawai na ji.

Da Malam Yohanna ya zo ranar Asabar na zaunar da shi. Na ce ya bar mini maganar sauri, ya gaya mini abu ɗaya: yaya aka yi Garba ya ga saƙon bayan na rufe? Ya buɗe shuɗiyar ya nuna mini. Ga jerin duk wuraren da aka shiga tun watanni. Ga sunayen akwatunan mutane. Ga wasu shafuka ma da ke buɗuwa ko babu layi. Na ga sunan Alhaji Jauro, na ga na wata ma'aikaciyar asibiti, na ga na wani ɗalibi da ke rubuta wa yarinya.

Na ce, "Wannan ai kabon ne."

Ya ce ana iya gogewa. Ya shiga nan, ya shiga can, ƙofa bayan ƙofa har biyar, kowace da Turancinta mai kauri. Na ce wa zai tuna wannan alhali baƙo ya miƙe yana neman takalmi? Sai ya ce, kamar abin ba komai ba, "Ai ƙaramar tana yi da kanta. In ka sa mata alama a nan sau ɗaya, duk lokacin da aka rufe ta sai ta zubar da komai."

Na dube shi. Na ce, "Malam, shekara guda kana tare mutane da agogo. Ba ka taɓa faɗin wannan ba."

Ya ce, "Ai ba wanda ya tambaya."

Na ce, "Wa ya san akwai abin tambaya?"

Muka gwada sau goma. In buɗe, in shiga, in rufe, shi ya nema. Babu. Daga nan na yi abu uku. Na juya teburin, gilashi ya fuskanci bango, mai zaman benci sai dai ya ga ƙeyar injin. Na roƙi Malam Yohanna ya shirya mini maɓalli guda wanda in an danna burauzar za ta rufe. Sannan na karɓo jan farce wurin matata na shafa wa maɓallin, ya yi ja wur a tsakiyar farare.

Saura Alhaji Jauro. Na je gidansa a Dogo Nini da hantsi, na same shi a rumfa yana duba wata saniya mai ɗingishi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo amma mai sanyi. Na zaro tsohon kabon daga aljihu, na ce, "Baffa, ɗaga wannan a rana." Ya ɗaga. Ba ya karatun boko, amma ya ga layukan rubutu sun fito ɓaro-ɓaro. Na ce, "Irin wannan na bari a tebur na tafi raka ka. Ban san injin yana ajiyewa ba. Laifina ne, ba na ɗora wa kowa." Na gaya masa sunan wanda ya zauna a kujerata, don ya riga ya sani.

Ya juya kabon ɗin gaba da baya. Ya ce, "Yanzu fa?"

Na ce, "Yanzu na sami mai yagawa. Kuma da hannunka za ka yaga."

Bai ce zai zo ba. Ya ce in gaida mahaifina, ya tambayi ƙafar.

Litinin ta wuce, bai zo ba. Wata Litinin ta wuce. Tela ya sake zuwa, har ya kawo mai haɗa tebur. A ta uku, lokacin da lodin shanun ƙarshen shekara ya fara zafi, sai ga motar Alhaji. Ya fito, ya buɗe ƙofar baya, sai ga Garba yana fitowa kamar wanda za a kai wa alƙali. Ashe a hanya ya gan shi ya ce ya shigo ya taya shi wani ɗan aiki.

Alhaji ya ce, "Garba, zauna a benci, inda ka saba."

Hajiya tana nan ranar, Malam Yohanna ma ya leƙo daga makaranta. Na tayar da janareta, akwati ya yi kukansa, shessheƙar ta fito sumul. Na buɗe ƙaramar. Saƙonnin Usmanu sun taru har shida. Na karanta masa na ƙarshen a kunne. Ya saurara, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce, "Baffa, ga jan nan." Ya miƙa yatsa, irin yatsan da ya saba da igiyar shanu, ya danna da ƙarfi har teburin ya motsa. Gilashi ya koma fili.

Sai ya kama gefen babbar rigarsa ya goge gilashin, sama da ƙasa, har kusurwoyi. Malam Yohanna ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa.

Alhaji ya miƙe ya nuna kujera. "Bismilla, Garba. Ai kai ne gwani. Nemo mini abin da ɗana ya ce."

"Alhaji, don Allah, wancan karon ma tsautsayi ne."

"Na sani. Yau ba tsautsayi, ni na sa ka. In ka samo, ragon layyarka na baɗi yana wuyana. Mai ƙaho, irin waɗanda kuka tare a hanya."

Hajiya ta rufe baki da mayafi. Garba ya zauna. Da farko yana yi ne don kunya, daga baya maganar ragon ta shige shi, ya gyara zama. Ya buɗe, ya duba jeri, babu komai. Ya nufi gidan imel, aka tambaye shi suna da kalmar sirri. Ya koma baya, ba baya. Ya tambayi Malam Yohanna ko akwai wata hanya, shi kuma don son gaskiya har ya nuna masa wasu lunguna biyu. Babu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba ta san ka taɓa zuwa ba."

Alhaji ya ce, "Madalla. Ka gaida maigidanka, ka gaya masa abin da ka gani. Duka." Ya juyo gare ni. "Idi, yanzu kana iya raka ni."

Na raka shi har mota. Na kusa rabin awa a can.

Abin da ban yi tsammani ba, wanda ya fara zuwa bayan wannan Alhaji Maina ne da kansa. Shi ya fi kowa sanin abin da gilashi mai baki ke iya yi wa mutum. Ya ce a buɗe masa akwati, kuma "a mai jan maɓallin nan". Ba wanda ya taɓa kiran burauzar da sunanta na Turanci. Mai jan maɓalli, shi ke nan. Na kafa ƙusa a bango na rataya farin ƙyalle, don kada manya su riƙa ɓata rigunansu. Kowa in ya gama, ya danna, ya goge, sannan mu fita tare. Har 'yan makarantar da suka san gogewar ba ta ƙara komai, su ma sai sun goge. Kafin shekara ta ƙare, ranar Litinin sai an kawo ƙarin benci daga maƙwabta. Hajiya ta sallami tela da haƙuri da kuma alkawarin ɗinkin Sallar jikokinta. Ni kuwa na zauna a kujerar nan shekara tara bayan haka, har wayoyin hannu suka zo suka raba kowa da akurki.

Kada ki ɗauka ƙaramar ba ta da aibi, Falmata. Tana da shi da yawa. Rubutunta ƙanana ne, dattawa masu ɗan karatu ba sa iya bi da ido. Wasu shafukan ƙememe take ƙin buɗe su, dole in koma shuɗiyar in cike wa ɗalibai fom. In ta tashi yin gargaɗi, da wani Turanci take yi wanda ko Malam Yohanna sai ya karanta sau biyu. Kuma babban abin da ta iya, ta ɓoye shi a lungu kamar abin kunya, tana ta tallan sauri. Na taɓa zaunar da Malam Yohanna na yi masa shifta, ya aika wa masu ita wasiƙa. Na ce su ƙara girman rubutu, su fito da maɓallin mantuwa fili su yi masa launi, su kuma sa wani abu ya motsa a gilashi lokacin da take gogewa, don mai ita ya gani da idonsa. Ban san ko ta isa ba. Amsa dai ba ta zo ba, kuma bayan 'yan shekaru na daina jin labarin burauzar.

Ranar Juma'ar nan na saurare ki da kyau, kamar yadda Malam Disa ya koya mini. Kin ce sauri sau bakwai. Ban ji kin ambaci mutum ko ɗaya ba. A gidan nan kaɗai, waya guda ce tsakanin gwaggonki, wato matata, da 'ya'yanta mata biyu, kuma na lura kowacce in za ta miƙa wa 'yar'uwarta sai ta ɗan juya baya tana ta danne-danne tukuna. Ban tambaye su me suke gogewa ba. Ba aikina ba ne yanzu, naki ne.

Saboda haka ga tambayata, gare ki da abokanki da duk mai ƙera abu yana jiran jama'a su zo: a cikin masu amfani da naku, wa kuka taɓa zama kusa da shi, kuka yi shiru, kuna ce masa "sai kuma me?" har ya kai ga faɗin abin da ya kawo shi?